Masu Ba Jirgin Sama Hannu Cikin Dare

Da zarar tayoyin jirgi sun taɓa ƙasa, fasinja sai ya yi hamdala ya soma laluben wayarsa. Ma'aikatan da ke jira a inda jirgin zai tsaya kuwa, a lokacin ne hankalinsu yake tashi tsaye. Matuƙi yana zaune can sama, ba ya ganin tayoyinsa, kuma a manyan jirage da ƙyar yake hango bakin fukafukansa. Saboda haka dole wani ya tsaya a ƙasa ya zama idonsa.

Wannan mutum shi ne mai ba jirgi hannu. Yana tsayawa a gaba, inda kyaftin da ke kujerar hagu zai gan shi sosai, sanye da riga mai ƙyalli, kunnuwansa a toshe saboda rugugin inji. Da dare yana riƙe da sanduna biyu masu haske. Alamomin da yake yi ba son ransa ba ne: Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ita ta tsara su, domin matuƙin da ya taso daga Jidda ya fahimci ma'aikacin Kano ba tare da sun yi magana ba. In ya ɗaga sandunan a hankali ya gitta su bisa kansa, tsaya ke nan. In ya ja sanda ɗaya ta gaban maƙogwaronsa, a kashe inji. A gefe kuma akwai wasu biyu masu bin bakin fukafukai, kada su gogi wani jirgi ko motar kaya.

Sai dai babban haɗarin yakan zo ne bayan jirgin ya tsaya. Injin da bai gama mutuwa ba yana zuƙar iska da ƙarfin da zai iya ɗaga ƙato daga ƙasa, ta baya kuma yana feso iska mai zafi da ke iya ture mutum. Shi ya sa akwai jar fitila mai walƙiya a saman jirgi da ƙarƙashin cikinsa. Muddin tana walƙiya, ba mai matsowa. Sai an kashe ta, farfelar injin ta lafa, sannan a zo a jera alamomin roba, a kawo matakala, a buɗe ƙofar kaya.

Doka ce mai sauƙi, amma abin da ya faru a filin jirgin Montgomery da ke jihar Alabama ta Amurka ranar 31 ga Disamba, 2022, ya nuna yadda take suɓucewa. Jirgi samfurin Embraer 175 ya iso daga Dallas, ƙaramin injinsa mai ba da wuta in yana tsaye ya lalace. Don haka matuƙan suka bar injin hagu yana aiki har a jona musu wutar ƙasa. Rahoton hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ya nuna sau biyu aka tara ma'aikatan kafin isowar jirgin aka gargaɗe su kada kowa ya matso. Jar fitilar tana walƙiya. Duk da haka wata ma'aikaciya ta bi ta gaban fiffiken hagu ɗauke da alamar roba, injin ya fizge ta, nan take ta rasu. Littafin aikin kamfanin jirgin ya ce a nisanci bakin inji da ƙafa 15. Daga baya hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ci kamfanin Piedmont, wanda marigayiyar take wa aiki, tarar dala 15,625, kuɗin da ko kusa ba su kai nauyin abin da ya faru ba.

Da rana fa wannan ya auku. To ina ga dare?

Cikin duhu, zanen da ake yi a tsakiyar bakin inji don a gane yana juyawa ba ya fitowa sosai. Kunne ma ba ya taimako, domin a toshe yake, ga kuma ƙarar wasu jirage ta ko'ina. Fitilar gaban jirgi tana dallare idon mai ba da hannu, shi ya sa matuƙan da suka san aiki suke kashe ta in sun juyo wajen tsayawa. ICAO ta ƙayyade hasken da ya kamata a samu a wurin, amma inuwar fiffike da ta motoci takan ɓoye mutum ɗungurungum. Uwa uba gajiya: mai aikin kwana da ƙarfe uku na dare jikinsa barci yake nema, ga shugabanni suna ƙirga mintuna don kada jirgi ya makara. A ganin wannan marubuci, wannan gaggawar ta fi duhun kansa illa. A Mumbai ta Indiya, daren 16 ga Disamba, 2015, jirgin Air India mai zuwa Hyderabad ya soma tafiya alhali ma'aikatan ƙasa ba su gama janyewa daga gabansa ba, injin ya zuƙe wani makanike.

A filayenmu akwai ƙari. Hazon hunturu yakan rage gani a Kano da Sakkwato da Maiduguri, lokacin jigilar alhazai kuma manyan jirage kan sauka su tashi cikin dare, ga tulin kaya, ga jama'a suna ɗokin isa gida.

Manyan filaye da dama yanzu sun kafa na'ura a jikin gini, mai auna tazarar jirgi ta nuna wa matuƙi a allo ko ya karkata, da mita nawa suka rage masa. Ta ɗauke wa mai sanduna aiki a wurare da yawa. Amma ba ta sa waigi a taya, ba ta jona wayar wuta, ba ta sauke akwati. Waɗannan har yau mutum ne yake takawa da ƙafarsa ya shiga ƙarƙashin jirgi ya yi su.