Ciwon Kumfa a Jirgin Ruwa Mai Feshi, da Yadda A Ke Gano Tushensa

A cikin shekarar 1954 wani mai kiwon tumaki a ƙasar Niyu Zilan, sunansa William Hamilton, ya ƙera jirgin da zai iya bin kogunan ƙasarsu, waɗanda ba su da zurfi, ga su cike da tsakuwa. Dabararsa ita ce ya ɗauke farfela daga ƙarƙashin jirgi, ya sa ta cikin bututu. Famfo yana zuƙo ruwa ta wata kafa mai raga a cikin gindin jirgin, farfela ta tunkuɗa shi, ya fita ta baya da ƙarfi, jirgi kuwa ya yi gaba. A 1960 irin waɗannan jirage suka hau Kogin Kolorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon, suna tafiya gāba da ruwa.

To, wannan jirgi yana da wani ciwo wanda ya kan gajiyad da makanikai, Turawa suna ce masa kabiteshin, mu kuwa bari mu kira shi ciwon kumfa. Alamarsa ita ce, in an ba inji wuta sai ya yi ta kuka, amma jirgi ba ya ƙara gudu, kamar mota wadda kulocinta ya cinye. Sa'an nan a ji ƙara a cikin famfo sai ka ce ana niƙa tsakuwa, jirgi duka yana rawa. Hatsarin ba ƙarami ba ne, gama jirgin nan da feshin ya ke juya kansa. In feshi ya mutu a tsakiyar ruwa mai gudu, matuƙi ba shi da ikon kauce wa dutse.

Kafin mu nemi magani, ya kamata mu san asalin abin. Mun koya cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne, inda iska ta ke danne shi da dukan nauyinta. In danniya ta ragu, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. A Jos, da ya ke bisa tudu ne, yana tafasa a wajen digiri 96. In kuwa aka rage danniyar har ta koma kamar kashi 1 cikin 40, ruwan randa ma sai ya tafasa ba wuta. Abin da ke faruwa a gaban fikafikan farfela ke nan. Sa'ad da ta ke jan ruwa fiye da yadda ya ke iya isowa, danniya ta faɗi, ruwa ya ɓalle ya zama ƙananan kumfa na tururi. Da kumfar ta isa inda danniya ta ke da yawa sai ta rufta farat ɗaya, ta bugi ƙarfe. Yau da gobe sai a ga farfela ta yi ramuka kamar gara ta ci itace.

Ciwon ya girmi jirgin Hamilton. A 1894 Charles Parsons na Ingila ya gwada jirginsa Turbinia da farfela ɗaya, bai wuce mil 23 a sa'a ba, ko da ya ke injinsa mai ƙarfi ne. Maimakon ya zargi injin, sai ya haɗa wani ɗan akwatin ruwa mai taga, ya duba kumfar da idonsa. Da ya gane dalili ya raba aikin ga farfela 9, a 1897 jirgin ya yi kusan mil 40 a sa'a. Darasin da za mu ɗauka shi ne a fara dubawa kafin a saya.

Tambaya ta fari ita ce, yaushe ciwon ya ke tasowa? In ya zo kwatsam ana cikin tafiya lafiya, galibi wani abu ne ya toshe hanya. In ya yi ta ƙaruwa sannu sannu wata da watanni, lalle wani ƙarfe ne ya ke cinyewa. In ya fara tun ran da aka yi gyara, a koma kan abin da aka taɓa. In kuwa sai a kwana mai tsanani ko bisa raƙuman ruwa ya ke aukuwa, to, kafar ce ta ke ɗagowa tana shaƙar iska.

Bayan wannan, a fid da jirgi tudu, a kashe inji, a zare makulli kafin kowa ya sa hannu. A fara da raga: ciyawa, ko leda, ko tsakuwa guda da ta maƙale, ko igiya da ta naɗe sandar farfela, kowanne ya isa ya ɓata shigar ruwa. Sa'an nan a haska fitila a dubi fikafikai, ko bakinsu ya dakushe, ko ya lanƙwashe, ko ya gutsure. Na uku a auna tazarar da ke tsakanin farfela da zoben da ya kewaye ta. A ƙananan jirage ba ta kai milimita 1 ba, littafin maƙeri kuma ya faɗi iyakarta. Rairayi ya kan cinye zoben, tazara ta buɗe, ruwa ya riƙa sulalewa baya.

In duk waɗannan lafiya su ke amma ciwo bai bari ba, sai mu tuna akwai wani mai kama da shi, watau shaƙar iska. Kumfar iska tana sa inji kuka, tana kashe feshi, amma ba ta cin ƙarfe kamar ta tururi. Saboda haka farfela sumul tare da ciwo mai naci tana nuna iska ce. A bi duk mahaɗar da ke gaban farfela: danƙon da aka liƙe famfo da jikin jirgi, da murfin ƙofar dubawa, da robar da ke kewaye da sanda inda ta ratsa jirgi. Kafa kamar ta allura ta isa, domin wurin zuƙa ya ke yi. Haka nan a shafa gindin jirgi daga goshi har zuwa kafar ruwa, ko akwai lotsawa, ko wani abin da aka ɗaura wanda ke jawo kumfa. A duba kaya kuma, kada nauyi ya taru a goshi har baya ya ɗago.

Sai an gama waɗannan duka za a tuhumi farfelar kanta, ko karkatar fikafikanta ba ta dace da ƙarfin injin ba. Wani lokaci ma laifin matuƙi ne, wanda ya ke buɗe wuta gaba ɗaya tun jirgi yana tsaye, ruwa bai sami hanyar shiga da sauri ba.

Abu ɗaya a kan gyara a lokaci guda, a mai da jirgi ruwa da kaya iri ɗaya, a rubuta gudunsa da juyin injinsa a littafi. Wanda ya sake abu uku tare, ko ya warke bai san wanne ne ya yi magani ba, ran da ciwo ya dawo kuwa sai ya sāke daga farko. Ruwa ba ya tsami banza, in mun bi shi a hankali daga raga zuwa bakin bututu, za mu tarad da inda ya ɓaci.