Fawa Bank Ba Ya Ɗumama Ɗaki: Yadda Ake Shirya Gida Kafin Sanyin Da Ke Daskarar Da Famfo

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, wayewar garin Litinin 15 ga Fabrairu 2021, hukumar ERCOT da ke kula da wutar lantarkin mafi yawan jihar Teksas a Amurka ta umarci kamfanoni su fara yanke wa mutane wuta. An ce karɓa-karɓa za a yi, wannan unguwa ta ɗan huta, waccan ta samu. Wasu gidajen sai da suka kwana uku ba su ga haske ba. Gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 4.5 ne suka shiga duhu, washegari kuma sanyi a yankin Dalas ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Daga baya hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasa rayukansu.

Na san abin da wani zai ce: kwana uku kacal, mu da muke yin mako guda ba wuta? Ni ma na yi wannan dariyar a lokacin. Sai da na zauna na bi labarin sosai na gane ba abu ɗaya ba ne. Mu idan an ɗauke wuta, fanka da firji ne ke tsayawa. Can kuwa ɗumin gidan ne ke tsayawa, don fiye da rabin gidajen Teksas da lantarki ake ɗumama su. Masu na'urar gas ma ba su tsira ba, domin fankar da ke hura iska mai ɗumi cikin ɗakuna da wuta take aiki. Ga gas a bututu, amma ba abin da zai tura ɗumin.

Dalilin da ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan shi ne, da yawanmu muna da ƙani ko aboki da ya tafi karatu ko aiki Amurka ko Kanada, wasu kuma suna kan hanya. Wanda duk sanyin da ya sani hunturun Kano ne ko na Jos, bai taɓa buɗe famfo ya tarar ruwan ciki ya zama dutse ba. Kuma mu masu son na'urori muna da wata ɗabi'a: da an ce ga matsala sai mu fara tunanin abin da za mu saya mu jona. Teksas ta nuna cewa yawancin abubuwan da ake jonawa su ne ke fara mutuwa.

Ga masu son sanin abin da ya faru ta fuskar fasaha: rijiyoyi da bututun gas sun daskare, tashoshin wuta suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da kowa ya kunna hita. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. A daren nan bugun ya faɗi ƙasa da 59.4, kuma shugabannin ERCOT sun ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin jihar ya rushe baki ɗaya. Teksas ta ware layinta daga na sauran ƙasar, don haka abin da za ta iya arowa daga maƙwabta kaɗan ne.

Fara da lissafi kafin ka sayi komai

Ɗauki fawa bank ɗinka ka duba bayansa. A ce an rubuta 20,000mAh. Ninka wannan da 3.7, wato ƙarfin batirin ciki, ka raba da 1,000, za ka samu 74Wh. Wannan shi ne ainihin abin da yake ɗauke da shi. Wayar da ke da batir 5,000mAh tana cin kusan 19Wh kafin ta cika, kuma da yake wani kaso yana zubewa a hanya ya koma zafi, caji uku za ka samu idan ka yi sa'a.

To, hitar ɗaki ta yau da kullum a Amurka wat 1,500 take ja. Da a ce za ka iya jona ta a fawa bank ɗin nan, minti uku za ta yi. Ko babban akwatin batirin nan mai 1,000Wh da ake sayarwa da tsada, minti arba'in zai riƙe ta, shi ke nan ya mutu. Amma bargon lantarki, wanda yawanci bai wuce wat 100 ba, zai kai ka kusan asuba a kan akwatin nan ɗaya. Riga mai ɗumi da ake jonawa ta USB kuwa wajen wat 10 take ci, fawa bank ma ya ishe ta na wasu awanni.

Abin da lissafin ke faɗa a fili yake. Da batir, jikin mutum ake ɗumamawa, ba ɗaki ba. Shi ya sa iyalai da dama a Teksas suka taru a ɗaki ɗaya, suka toshe ƙasan ƙofa da tawul, suka rataya barguna a taga, wasu har suka kafa tanti a tsakar falo suka shige da yaransu. Tanti da jakar barci ba sa buƙatar caji. Idan kuɗinka kaɗan ne, a ganina su ne farkon saye, sannan tef ɗin roba na toshe kafar taga da ƙofa.

Idan akwai wuta kuma kana amfani da hita, a bango kai tsaye ake jona ta, ba a kan doguwar wayar nan mai baki da yawa ba. A nisanta ta da labule da katifa aƙalla mita ɗaya.

Hayaƙin da ba a gani

Cikin mutum 246 ɗin nan, 19 ba sanyi ne ya kashe su ba, neman ɗumi ne. Wasu sun tada mota a cikin gareji suka zauna ciki don su ji ɗumi su yi cajin waya. Wasu sun shigo da murhun gasa nama cikin gida, wasu janareto. Duk abin da ke ƙona fetur, gas ko gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Wannan ɓangaren mu ma ya shafe mu kai tsaye. Kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, ko janareto a lungun gida saboda tsoron ɓarayi, iskar nan ce dai.

Shawarar hukumomin lafiya na Amurka ita ce janareto ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Idan za ka yi caji a mota, fito da ita fili, ka kuma duba ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Na'ura ɗaya da zan ce lallai a saya ita ce ƙararrawar da ke jin wannan iska, mai aiki da batir, a rataye ta kusa da inda ake kwana. Duba bayanta, akwai ranar da take daina aiki, don hancinta yana tsufa bayan wasu shekaru. Ka da a ɗauka ƙararrawar hayaƙin gobara tana yin aikinta, sai in an rubuta a jiki cewa biyun take yi.

Bututu

Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Abin mamaki, ba lallai inda ƙanƙarar take ne bututu ke fashewa ba. Ƙanƙarar tana toshe hanya, tana ta girma, tana matse ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe, har sai wani wuri ya tsage. Shi ya sa ake cewa a bar famfo yana ɗiga cikin dare: ɗigon yana sauke matsin. Mutane da yawa ba su san bututunsu ya tsage ba sai da gari ya fara ɗumi, ruwa ya riƙa zubowa daga silin.

A jihohin arewa ana binne bututu da zurfi, ana naɗe su. A Teksas da yawa suna bi ta saman silin ko jikin bangon waje, babu riga. Don haka kafin sanyi ya iso, a cire tiyo daga famfon waje a rufe bakinsa, a sa wa bututun da ke fili rigar soso, a buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya shiga. Ko tafiya za ka yi, ka da ka bar ɗumin gida ya sauka ƙasa da digiri 13.

Mafi muhimmanci, nemo babban makullin da ke rufe ruwan gidan gaba ɗaya tun yau. Ɗauki hotonsa, tura wa duk wanda kuke zaune tare. Idan haya kake, tambayi mai gida. Ka gwada murɗa shi, don wasu sun yi shekaru ba a taɓa su ba, wasu kuma sai da ƙarfe na musamman.

A wancan makon an umarci mutum sama da miliyan 14 su tafasa ruwa kafin su sha, da yawansu kuma ba su da wutar tafasawa. Ajiye kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na kwana uku aƙalla, ka cika bahon wanka don zuba wa ban-ɗaki. Wannan kam ba sai an koya wa wanda ya tashi da jarka da randa ba.

Wayarka a cikin sanyi

Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, kuma sauran wayoyi ma kusan haka suke, tunda duk batirin litiyam ne. A sanyi, sinadaran ciki suna yin nauyi, batir ya kasa ba da ƙarfin da ake nema, sai ka ga waya mai kashi 30 ta mutu farat ɗaya. Cajin bai tafi ko'ina ba. Sa ta a aljihun ciki ta ji ɗumin jikinka, za ta farfaɗo.

Haɗarin gaske shi ne yin caji alhali batirin yana ƙasa da sifili. A nan litiyam yana taruwa ya zama ƙarfe a jikin batirin, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. Bari waya da fawa bank su ɗumama tukuna, a hankali, ba a kan hita ba. Manyan batiran sola masu kyau suna ƙin karɓar caji da kansu a irin wannan yanayi, don haka wanda ya ajiye nasa a gareji zai iya tarar da rana ta fito amma batir ya ƙi ci. Wani abin da ke ba baƙi mamaki: yawancin solar da ke kan rufin gidajen Amurka haɗe take da layin gari, kuma in babu batir, tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, don ka da ta ja ma'aikatan da ke gyaran layi.

Idan sabis ya yi rauni, waya tana ƙona batir wajen neman hasumiya. Sa ta a yanayin jirgi, ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Saƙon tes yana wucewa a inda kira ya kasa. Sauke taswirar garinku a Google Maps tun da sauran intanet, ka bar saƙonnin gargaɗin gaggawa a kunne. Tocila daban, ba ta waya ba. Sannan lura da ma'auni: manhajar yanayi a Amurka da Farenhait take magana, inda 32 ke nufin sifili namu. Wanda ya ga 20 ya ɗauka sanyin safiyar Zariya ne, alhali kusan digiri 7 ne ƙasa da sifili, daidai inda ake fara jin tsoron bututu.

Gida mai wayo, har sai rauta ta mutu

Na taɓa haɗa wata 'yar na'ura da ESP32 da ke auna ruwan tankinmu, tana turo min saƙo ta Telegram idan ya kusa cika. Na yi ta nuna wa abokai. Ran nan aka ɗauke wuta, aka tada janareto don famfo kaɗai, rauta tana kashe. Tanki ya cika ya yi ta ambaliya, wayata shiru. Kuskurena shi ne na ɗauki shiru a matsayin lafiya.

Haka yawancin kayan gida mai wayo suke. Na'urar daidaita ɗumi, mai jin yoyon ruwa, kyamara, duk sai sun bi ta Wi-Fi zuwa sabar kamfani sannan saƙo ya dawo wayarka. Ranar da ka fi buƙatarsu ita ce ranar da wannan sarƙar ke tsinkewa. Don haka idan za ka sayi mai jin yoyo, zaɓi wadda ke ƙara da kanta ko babu intanet. Rauta wajen wat 10 take ci, ƙaramin batirin ajiya zai riƙe ta awanni, muddin layin kamfanin intanet ɗin yana raye. Masu son wasa da Home Assistant su yi amfani da na'urorin Zigbee da ke magana a cikin gida ba tare da sun fita waje ba.

Gyaran da na yi wa tawa layi kaɗan ne, kuma zai yi wa duk mai son sa ido kan ɗumin gida daga nesa. Maimakon na'urar ta yi magana sai an samu matsala, yanzu duk minti goma take aika ɗan saƙo zuwa wata saba da ke wajen gida. Idan minti talatin ya wuce sabar ba ta ji komai ba, ita ce ke buga min waya.