Daga Inci 15 Zuwa 17: Lissafin Tayar da Ta Dace da Sabon Rim

Mai Corolla ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ga rim mai ƙyalli na inci 17, ya saya. Tambayar da mai shago zai yi masa kafin ya ɗauko taya ita ce, "Sha bakwai ko?" Da ya ce eh, sai a mirgino duk wadda ke kusa. A nan matsalar take farawa, domin 17 lamba ɗaya ce cikin lambobi huɗu da ke jikin taya, kuma ita ce mafi sauƙin dacewa.

Mu ɗauki tayar da Corolla da yawa ke zuwa da ita daga kamfani: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne a milimita. Lamba 65 kuwa kaso ce cikin ɗari: tsayin gefen taya, wato robar da ke tsakanin bakin rim da kwalta, kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Idan aka buga, milimita 126.75 ke nan. Lamba 15 girman rim ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka rim ɗin milimita 381 ne. Tunda akwai gefe a sama akwai a ƙasa, sai a ninka 126.75 sau biyu a haɗa da 381. Tsayin ƙafar motar gaba ɗaya ya zama milimita 634.5.

Wannan 634.5 ita ce lambar da injiniyoyin motar suka gina komai a kanta. Da ita aka saita maleji, da ita aka zaɓi giya, da ita aka auna filin da ke tsakanin taya da madigadi. Duk girman rim ɗin da mutum zai saya, ana so tsayin ƙafar ya tsaya a nan ko dab da nan. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. Ga Corolla ɗinmu, milimita 19 ke nan, wato tsakanin 615 da 654. Ma'ana, duk inci ɗaya da rim ya ƙaru, sai an rage milimita 12.7 daga gefen taya.

To, wace taya ce ke shiga cikin wannan iyaka? A rim 16, 205/55 R16 tana ba da 631.9, ragin bai kai rabin kashi ɗaya ba, kuma da ita Toyota da kanta ke fitar da wasu Corolla. A rim 17, 225/45 R17 tana ba da 634.3, kamar an auna, 205/50 R17 kuma 636.8. A rim 18, 225/40 R18 tana ba da 637.2.

Amma tayar 17 da ta fi yawa a kasuwa sau da dama ita ce 215/55 R17, saboda da ita wasu Camry ke zuwa. Za ta hau rim ɗin lafiya lau, ta sha iska, ta yi kyau a ido. Tsayinta milimita 668.3 ne, ƙarin kashi 5.3 cikin 100, kusan ninki biyu na iyakar da aka yarda.

Maleji ba ya ganin hanya, juyawar ƙafa yake ƙirgawa. Tayar asali tana juyawa kimanin sau 502 a kilomita guda, ta Camry sau 476. Duk gudun da allura ta nuna, motar na yin fiye da yadda take yi da tsohuwar taya da kashi 5.3: inda a da 100 ne, yanzu ya haura 105. Iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi a Najeriya kilomita 100 ce a awa, don haka direba na iya karya doka alhali allurarsa na nuna masa yana daidai. Lissafin juye ma ya karkace. Wanda ke canza baƙin mai duk kilomita 5,000 na maleji, a gaskiya motarsa ta yi 5,266. Sannan saman tayar ya matso kusa da madigadi da milimita 17. Motar na fanko ba za a ji komai ba, amma ranar da aka cika ta da iyali da buhu biyu a but aka faɗa rami, sai a ji tana gurza. A tashi kuma motar za ta yi nauyi, domin babbar taya tamkar an ɗan ƙara mata giya ne.

Na san wasu da gangan suke son doguwar taya don motar ta ɗaga daga ƙasa, kuma a hanyoyinmu wannan buƙata ce ta gaske. Amma ana iya samun kaɗan daga ciki ba tare da fita iyaka ba: 205/65 R15 a kan tsohon rim tana ba da 647.5, ƙarin kashi 2, ta ɗaga motar milimita 6.5, kuma ta ƙara roba maimakon ta rage.

Robar nan ita ce abin da ya fi damuna a duk batun. Ko da lissafi ya fita daidai, wanda ya koma 225/45 R17 ya sauko daga gefe mai milimita 127 zuwa 101, ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shanye dukan rami. A rim 18 saura 90. Gefen taya shi ne ke fara karɓar bugu kafin shokazoba. Idan ya yi gajarta, bakin rami na matse roba a jikin rim, taya ta yi ƙullutu ko rim ya lanƙwashe, na aluminiyam ma ya tsage. Abin da ake samu a madadin haka shi ne sitiyari mai saurin amsawa da ƙarin riƙo a kwana bisa kwalta mai kyau. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Golf ɗaya da rim 15 har zuwa 19 a 2010, ta ga shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 tsakanin ƙaramin da babban. A ganina, ga mai bin hanyoyin da damina ta cinye, 16 ta isa.

Saura 91H da ba a cika kallo ba. Harafin H na nufin tayar na jure gudun kilomita 210 a awa, wanda ba shi ne damuwarmu ba. Lamba 91 kuwa nauyi ne: kilo 615 kowace taya. Akwai 215/45 R17 da tsayinta ya yi daidai, 625.3, amma da yawa daga cikinta 87 ce, kilo 545. An rasa kilo 70 a kowace ƙafa, 280 a huɗun. Taya mai ɗauke da fiye da ƙarfinta zafi take tarawa, a watan Afrilu kuma kwalta na ƙara mata. Kada lambar nauyi ta gaza wadda ke rubuce a takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Idan girman da ake so ya gaza, a nemi mai alamar XL, wadda a 215/45 R17 ke kai 91.

Shi ma rim ɗin yana da nasa ma'auni. Taya mai faɗin 225/45 tana son rim mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Ramukan noti na Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2013 biyar ne a da'irar milimita 100, na Camry biyar a 114.3, kuma bai kamata a bari wani ya fafe rami don ɗaya ya shiga ɗaya ba. Bayan an ɗaura, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a leƙa ko akwai inda taya ke taɓa jiki, a gwada da mutane a kujerar baya.