Ƙa'idojin tufafi da ado na 'yan mishan ɗin Mormon

Ƙa'idojin tufafi da ado na 'yan mishan ɗin Mormon dokoki ne da Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wato cocin da aka fi sani da Mormon, ta shimfiɗa wa matasan da take aikawa wa'azi a ƙasashen duniya. Dokokin sun shafi irin rigar da za a sa, da tsawon siket, da aski, da gemu, da 'yan kunne, har da irin jakar da za a riƙe. Su ne suka haifar da kamannin da aka san waɗannan masu wa'azi da su: samari biyu sanye da farar shat da laktaye, kowanne da baƙin bajo a ƙirji. Joseph Smith ne ya kafa ikilisiyar a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilu 1830, kuma hedikwatarta a yau tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Tun shekarar 2018 shugabanninta suke roƙon a daina kiran mabiyanta da sunan Mormon, amma sunan ya riga ya bi bakin jama'a.

Waɗanda dokokin suka shafa

Yawancin 'yan mishan ɗin matasa ne marasa aure. Namiji yana yin wata 24 a bakin aiki, mace kuma wata 18. A watan Oktoba 2012 shugaban ikilisiyar na lokacin, Thomas S. Monson, ya rage shekarun fara aikin zuwa 18 ga maza da 19 ga mata. Ba a biyan su albashi. Su da iyayensu da 'yan majami'arsu ne suke ɗaukar nauyin tafiyar, har da kuɗin tufafin. Matashi ba shi ke zaɓar ƙasar da za a kai shi ba, kuma dole ya kasance tare da abokin aikinsa na jinsi ɗaya dare da rana. An daɗe ana rubuta dokokin rayuwarsu a wani ɗan ƙaramin littafi mai farin bango da ake sawa a aljihu, kafin a maye gurbinsa da sabo a shekarar 2019. A kowane mako ana ware musu yini guda na wanki da guga da aski da cefane.

Abin da aka shar'anta wa maza

Tushen shigar namiji shi ne farar shat mai kwala, da laktaye marar hayaniyar launi, da wandon kwat, da takalmi sau-ciki da aka goge, da safa mai duhu. Kwat ɗin kanta ana sa ta ne a taruka na musamman da kuma inda yanayi ya ba da dama. A ƙasashe masu zafi kamar Najeriya da Gana shat mai gajeren hannu ce ta fi yawa.

Dokar gashi ta fi ta tufafi tsauri. Sumar kai gajera ce, ba a tara ta, ba a yi mata askin gayu, ba a rina ta da wani launi. Saje ba ya wuce tsakiyar kunne. Gemu da gashin baki haramun ne ga ɗan mishan, don haka aske fuska na cikin ayyukansa na safe. Namiji ba ya sa ɗan kunne ko sarƙar wuya. Wanda ya riga ya yi zane a fatarsa kafin ya nemi aikin, zanen na iya shafar wurin da za a tura shi.

Abin da aka shar'anta wa mata

Ba a ɗora wa mata launi ɗaya ba, shi ya sa ba a saurin gane su daga nesa kamar maza. Abin da ake nema shi ne sutura: riga mai hannu wadda ba ta matse jiki ba kuma ba ta nuna shi, da siket ko doguwar riga da ke rufe gwiwa ko a tsaye ko a zaune. Kwalliyar fuska kaɗan ce, ɗan kunne kuma ɗaya a kowane kunne. Ba a umarce su da rufe kai ba.

Akwai dalilin da ya sa tsawon siket da yankan riga suke da muhimmanci haka. Mabiyan da suka yi alkawuran ibada a haikalin ikilisiyar, ciki har da 'yan mishan, suna sa wata farar tufar ciki mai alfarma a wurinsu, wadda ke sauka har kusa da gwiwa. Dole tufar waje ta rufe ta gaba ɗaya.

Bajo

Bajon ƙirji baƙi ne da farin rubutu. Yana ɗauke da laƙabin Elder ga namiji ko Sister ga mace, sai sunan mahaifi ko na dangi, sai cikakken sunan ikilisiyar da harshen ƙasar da ake aiki, inda aka fito da sunan Yesu Almasihu da manyan baƙaƙe. Ma'anar Elder ita ce dattijo, kuma muƙami ne na limanci a tsarinsu. Shi ya sa ake samun ɗan shekara 18 wanda ko gemu bai fara ba ana kiransa dattijo. Sunan yanka ba ya fitowa a bajon, kuma ba a kiran ɗan mishan da shi har ya gama aikinsa.

Tarihin hana gemu

Hana gemu ba tsohuwar doka ba ce, kuma ba ya cikin littattafan ikilisiyar masu tsarki. Joseph Smith bai ajiye gemu ba, amma shugabanni bakwai da suka biyo bayansa, daga Brigham Young zuwa George Albert Smith wanda ya rasu a 1951, duk masu gemu ne. David O. McKay da ya hau a 1951 shi ne ya zo da askakkiyar fuska, kuma tun daga kansa ba a sake yin shugaba mai gemu ba. A shekarun 1960 gemu da doguwar suma suka zama alamar matasan Amurka masu bijire wa hukuma da al'adun iyaye. A 1971 Dallin H. Oaks, yana shugaban Jami'ar Brigham Young mallakar ikilisiyar, ya bayyana wa ɗalibai cewa gemu ba laifi ba ne a kan kansa, abin da ake dangantawa da shi a wannan zamanin ne ya sa aka hana. Ke nan dokar ta samo asali ne daga yanayin Amurka na wani lokaci, sannan aka ɗauke ta aka kai ƙasashen da gemu ke nufin wani abu dabam.

Sauye-sauye tun daga 2013

A 2013 aka halatta wa maza kwat mai hasken launi da wandon kaki, aka kuma hana jakar goyo aka koma jakar ratayawa. Sauyin da ya fi girma sauro ne ya kawo shi. A watan Mayu 2016, lokacin da cutar Zika ke yaɗuwa a Kudancin Amurka, aka yarda mata su sa dogon wando a yankunan da ake fama da Zika da dengi da chikungunya, wato kusan rabin yankunan mishan na duniya. A shekarar ce kuma aka halatta malafa mai faɗin baki da baƙin tabarau saboda rana. A watan Disamba 2018 aka buɗe izinin wando ga dukkan mata, aka ambaci sauro da sanyi da hawan keke a matsayin dalilai. Duk da haka siket ko doguwar riga ce ake sawa a ibadar Lahadi, da wurin baftisma, da cikin haikali.

A watan Yuni 2020 aka taɓa farar shat ɗin kanta. An ba shugabannin shiyyoyi ikon amincewa da shuɗiyar shat marar zane, ko da laktaye ko babu, a wuraren da suka ga shigar gargajiyar tana nesanta masu wa'azin da mutane. Tun kafin wannan, a tsibiran tekun Fasifik kamar Samowa da Tonga, samarin kan ɗaura zanen maza na ƙasar maimakon wando, farar shat da laktaye na sama. Shaidun Jehobah, waɗanda ake yawan rikita su da 'yan Mormon saboda su ma suna bin gida-gida, sun halatta gemu a ƙarshen 2023. Ga 'yan mishan ɗin Mormon kuwa wannan dokar ba ta motsa ba.

A Najeriya

Har zuwa watan Yuni 1978 ikilisiyar ba ta naɗa baƙar fata a muƙaman limanci. Bayan shugabanta Spencer W. Kimball ya ɗage wannan hani, sai aka turo ma'aurata biyu, Rendell da Rachel Mabey da kuma Edwin da Janath Cannon, waɗanda suka iso a watan Nuwamba 1978. Wani malamin makaranta daga Aboh Mbaise a jihar Imo, Anthony Obinna, shi ne na farko da suka yi wa baftisma. An keɓe haikalin Aba a watan Agusta 2005. Yawancin masu wa'azin da ke aiki a Najeriya 'yan Afirka ne, kuma da yawansu sun sami horo a cibiyar da aka buɗe a Tema ta ƙasar Gana a 2002, wadda aka mayar Akara a 2017. Majami'un ikilisiyar sun fi yawa a kudu, musamman kudu maso gabas da yankin Neja Delta da Legas.

Kwatanci da 'yan mishan na ƙasar Hausa

A garuruwan noma na kudancin jihar Katsina, irin su Funtuwa da Malumfashi, ba kasafai ake ganin wannan shiga ba. Kwat da laktaye a can tufafin ma'aikacin banki ne ko lauya, malamin addini kuwa da babbar riga da hula, sau da yawa da gemu, aka san shi. Amma tambayar da dokokin Mormon suka amsa, wato ko mai wa'azi ya fita dabam ko ya saje da mutanen gari, tsohuwar tambaya ce a ƙasar Hausa, kuma Turawan mishan na farko sun ba ta amsa ta wata fuska.

A 1890 wata tawagar ƙungiyar CMS ta Ingila ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson ta sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Sun ajiye tufafin Turawa suka sa riga da rawani, suka kama koyon Hausa, suka kuma ce ba sa neman kariyar gwamnatin Ingila. Sun ɗauko wannan dabara ce daga Hudson Taylor, wanda ya sa tufafin Sinawa a ƙasar Sin. A Arewacin Afirka ma limaman Katolika na ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868 sun ɗauki farar jallabiya da alkyabba da jar dara a matsayin kayan aikinsu. Tawagar Lakwaja ba ta kai ko'ina ba: Robinson ya rasu a 1891, Brooke a 1892. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne yadda ta tsananta wa limamai baƙar fata da ke aiki ƙarƙashin Bishop Samuel Ajayi Crowther, har aka kori da dama daga cikinsu. Rawanin da suka naɗa bai sa sun ga girman abokan aikinsu 'yan Afirka ba.

Likita Walter Miller, wanda yake cikin tawagar Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birnin a 1900, ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kuma shi ma yakan sa tufafin Hausawa. An mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Ɗaliban da suka fito daga hannunsa sun riƙe harshensu da shigarsu.

A yankin Malumfashi, inda ƙungiyar SIM ta kafa tasha ta yi aiki a cikin Maguzawa, yawancin Kiristoci Hausawa ne manoma. Fastocin ECWA, cocin da ta fito daga SIM a 1954, sukan hau mumbari da kaftani da hula irin na maƙwabtansu Musulmi, matan zumunta kuma suna da ankon atamfa da ɗankwali. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominik da suka zo daga Amurka, waɗanda aka damƙa wa yankin Sakkwato a 1953 har da Funtuwa da Malumfashi, su ne suka zo da tufa ta musamman, wato farar doguwar riga ta ɗariƙarsu. A 2023 aka yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, bishop ɗinta na farko.

Ra'ayoyi

Ikilisiyar tana kafa hujja da cewa ɗan mishan wakilin Almasihu ne, don haka bai kamata shigarsa ta janye hankali daga saƙonsa ba. Masu goyon baya suna ƙarawa da cewa shiga iri ɗaya tana ɓoye bambancin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, tana kuma sa matashin ya ji ido na kansa duk inda ya shiga. Masu suka, har da wasu tsofaffin 'yan mishan, suna cewa shigar ta ma'aikatan kamfanonin Amurka ce ta shekarun 1950, ba ta addini ba. A wasu ƙasashen Latin Amurka an sha ɗaukar samarin a matsayin jami'an leƙen asirin Amurka saboda ita. Akwai kuma kukan tsada da wahala: farar shat a hanyar ƙura ko taɓo tana bukatar wanki kullum, kuma askin fuska na yau da kullum yana fito wa maza masu murɗaɗɗen gashi da ƙuraje a haɓa da wuya, matsalar da ta fi damun baƙar fata.