Masu Ɗinka Laimar Talla a Filayen Sukuwar Ingila

A Ingila ruwan sama bai san damina ba, bai san rani ba. Yakan sauka a watan Maris, lokacin da mutane sama da 200,000 ke tururuwa filin Cheltenham na tsawon kwana huɗu. Yakan sauka a Afrilu a Aintree, kusa da Liverpool, inda ake tseren Grand National tun 1839. Ko a tsakiyar Yuni, lokacin bikin Royal Ascot da gidan sarauta ke halarta, ba ya jin nauyin kowa. Kuma ba a ɗage sukuwa saboda yayyafi, sai dai in fili ya cika da ruwa ko ya daskare. Don haka da zarar hadari ya saki, laimomi ne ke buɗewa ta ko'ina, kyamarar talabijin da ke can sama ta daina ganin kawunan mutane, sai launuka da sunayen kamfanoni. Waɗannan sunaye ba da kansu suka hau laima ba. Akwai masu yanka, masu bugu da masu ɗinki da wannan ce hanyar abincinsu.

Kafin a zo kan aikin hannunsu, ya kamata a san wanda ke kawo musu ciniki. Ɗaukar nauyin tseren dawaki don talla ya soma ne a Birtaniya a 1957, lokacin da kamfanin giya na Whitbread ya sa sunansa a kan wani tsere a filin Sandown. A shekarar dai kamfanin Hennessy, shi ma na barasa, ya bi sahu da nasa tseren, wanda aka mayar Newbury a 1960, ya kuma riƙe sunan har 2016. Daga nan ƙofa ta buɗe. Grand National kaɗai ya sauya iyayen gida sau da dama: Martell daga 1992, John Smith's daga 2005, Crabbie's daga 2014, sai Randox, kamfanin kayan gwajin lafiya na Ireland ta Arewa, daga 2017. Tseren Derby na Epsom, wanda ya girme su duka tunda an fara shi a 1780, ya ɗauki sunan Ever Ready, ya ɗauki na Vodafone, ya ɗauki na Investec, ya ɗan taɓa na Cazoo, a 2023 ya koma hannun Betfred.

Mai karatu zai lura yawancin sunayen nan na barasa ne ko na caca, kuma ba abin sha'awa ba ne. Sukuwar Turawa da caca tagwaye ne, an daɗe ana muhawara a kan hakan a can ƙasar. Amma ga mai ɗinkin laima, abin da ke cikin wannan jeri shi ne, duk sauyin suna sabon aiki ne. Ranar da kwangila ta ƙare, duk wani abu mai ɗauke da tsohon tambari ya tashi daga aiki: tuta, allo, rigar ma'aikata, bargon da ake rufa wa dokin da ya yi nasara, har da laima. Sabon mai gida kuma yana son a ga nasa launin tun daga bakin ƙofa.

Laimar da aka fi yin oda ita ce babbar nan da 'yan wasan golf ke riƙewa, wadda faɗinta in an buɗe ya kai wajen santimita 130, mutum biyu su fake ba tare da kafaɗar ɗaya ta jiƙe ba. Rufinta falle takwas ne, kowanne mai kusurwa uku, faɗi a ƙasa, tsini a sama. A nan gwanintar farko take. Gefen fallen ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa da ido ba ya saurin kamawa, kuma wannan lanƙwasar ce ke sa rufin ya yi tulluwa ya ɗame a kan ƙarafa idan an haɗa. Mai yanka yakan jera yadi hawa-hawa, ya ɗora ma'auninsa na katako ko na ƙarfe, ya yanka su tashi ɗaya. In ya ƙara ɗan kaɗan, laima ta fito sako-sako, tana kaɗawa, ruwa na taruwa a tsakanin ƙarafa. In ya rage, ta ɗame fiye da kima, buɗewa kaɗan ɗinki ya fara yin murmushi. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba, idan aka ninka shi sau takwas, ya isa ya ɓata aiki.

Bugun tambari ana yin sa ne kafin ɗinki, lokacin da falle yake shimfiɗe a kan tebur. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ta raga: a ɗaure raga mai laushi a jikin firam, a toshe ko'ina sai inda rubutun yake, a zuba tawada, a ja ta da faffaɗar roba ta ratsa zuwa yadi. Kowane launi da ragarsa, shi ya sa tambari mai launi ɗaya ya fi arha, mai launi huɗu kuma sai an zauna an yi ciniki. Idan hoto ake so wanda zai mamaye rufin gaba ɗaya, sai a buga shi a takarda ta musamman, a danna da zafi, rinin ya shige cikin zaren yadin. Wannan hanya ba ta yiwuwa sosai sai a kan farin yadin roba.

Wahalar mai bugu ita ce yadin laima an yi shi ne don ya ƙi ruwa, tawada kuwa ruwa-ruwa ce. Maganin da aka shafa wa yadin don ɗigon ruwa ya zame, shi ne dai zai hana tawada kamawa in ba a zaɓi wadda ta dace ba, kuma ba a gasa ta yadda ya kamata ba. Tambarin da bai kama ba yakan fara ɓarewa ne a wurin naɗi, tunda laima rabin rayuwarta a naɗe take. Haka kuma rubutu mai haske a kan yadi mai duhu sai an fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, in ba haka ba ja ya koma ruwan ƙasa, rawaya ta dushe.

Batun launi kuwa ba a wasa da shi. Kamfanoni ba sa cewa "shuɗi" su yi shiru. Lamba suke bayarwa daga littafin launuka na Pantone, wanda ake amfani da shi tun 1963, mai bugu ya haɗa tawada har sai ta yi daidai da lambar. Kuma a duniyar sukuwa launi suna ne. Tun 1762 aka fara rajistar launin rigar da mahayin kowane mai doki zai sa, don alƙalai su bambance dawaki daga nesa. Duk mai kallon sukuwa ya san shuɗin Godolphin na Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum na Dubai, ya san kore da ruwan zinaren attajirin nan ɗan Ireland, J. P. McManus. Masu dawaki, da ƙungiyoyin da ke haɗa kuɗi su mallaki doki ɗaya, sukan yi odar laima da launin rigar mahayinsu, falle ɗaya wannan launi, na kusa da shi wancan. Irin wannan laima ko harafi ɗaya babu a jikinta, 'yan fili sun san ta wane ce.

Akwai kuma shawarar da mai sana'a na ƙwarai ke ba wa mai oda, ko da bai tambaya ba. Falle yana tsukewa zuwa sama, saboda haka dogon suna ba ya zama sai kusa da baki. Wanda ya nace a buga tambarinsa a duk falle takwas zai biya kuɗi da yawa ya samu hayaniya. A falle biyu masu fuskantar juna, ko huɗu ana tsallake ɗaya, ido ya fi karantawa. Lambar waya da adireshin intanet a jikin laima asarar tawada ce, don ba wanda zai tsaya cikin ruwa yana kwafar lamba daga kan wani.

Bayan bugu sai ɗinki. Tela ya haɗa falle takwas a keke, ya kalmashe baki, ya bar ƙaramar kafa a tsakiya inda sanda za ta fito. Daga nan aiki ya koma hannu: a ɗinke 'yan kawunan da ke shiga bakin kowane ƙarfe, a ɗora rufin a kan ƙarafa, a ɗaure kowane ƙarfe da layin ɗinkin da ke samansa da allura da zare, wuri biyu ko uku. Wannan ɗaurin, wanda mai saye ba ya ko kallo, shi ke hana yadi zamewa in iska ta taso. A ƙarshe a buɗe laimar a yi mata tururi, yadin ya saki ya zauna daram.

Su kansu ƙarafan suna da tarihi. A ƙarni na 18, lokacin da Jonas Hanway, wanda ake cewa shi ne namiji na farko da ya yi haka, ya riƙa yawo da laima a titunan Landan, masu keken doki suna yi masa ihu don ruwan sama ne ke kawo musu fasinja, ana yin haƙarƙarin laima ne da kara ko ƙashin wani gagarumin kifin teku, ga nauyi ga saurin lalacewa. A 1852 Samuel Fox, mai masana'antar waya a Stocksbridge kusa da Sheffield, ya fito da ƙarfe mai kwarmi a tsakiya, mara nauyi mai ƙarfi, ya sa masa suna Paragon. Yau laimar filin sukuwa ta fi amfani da sandunan faiba, haɗin roba da zaren gilashi, masu lanƙwasawa su dawo. Wasu kuma ana yi musu rufi hawa biyu, da kafofi a ɓoye a tsakani, iskar da ta shiga ta ƙasa ta samu mafita maimakon ta kifar da laimar. Cheltenham a gindin tudu yake, fili ne fetal, iskarsa ba ta da tausayi.

A nan ne, a ganina, ake gane kamfanin da ya san abin da yake yi. Allon talla in ya tsufa a cire shi, ba wanda ya ji ciwo. Laima kuwa a hannun mutum take, kuma ba ya buɗe ta sai yana cikin buƙata. In ta riƙe, zai kai ta gida, ta shekara tana zuwa makaranta ɗauko yara, tana zuwa kallon ƙwallo, tana yi wa mai tambarin aiki kyauta. In ta karye a iskar farko, mutumin ya jiƙe, kwat ɗinsa ya ɓaci, kuma abin da zai gani a cikin kwandon shara shi ne sunan wanda ya ba shi. Jami'in tallan da ya rage fam ɗaya ko biyu a kan kowace laima don ya burge ofis, kuɗin kamfaninsa ya sa ya sayi zagi. Mu ma a nan mun san ƙarfin abin: rawayar laimar MTN da masu sayar da kati ke zama a ƙarƙashinta ta isar da sunan kamfanin lungunan da allon titi bai taɓa kaiwa ba, kuma ta yi hakan ne saboda tana jure rana da iska.

Galibin laimomin duniya yanzu daga ƙasar Sin suke fitowa. Garin Songxia da ke lardin Zhejiang kaɗai yana fitar da ɗaruruwan miliyoyi a shekara. Babbar oda can ake kai ta, don farashi. Abin da ya bar wa ƙananan masana'antun Birtaniya abinci shi ne lokaci. Kaya a jirgin ruwa makonni suke yi, ranar tsere kuwa ba ta matsawa, laimar da ta iso ranar Litinin bayan an yi tsere ranar Asabar ba ta da sauran amfani. Saboda haka ƙaramar oda da ta gaggawa a gida ake yankawa, a buga, a ɗinka. A can sama kuma akwai tsofaffin gidaje irin su James Smith & Sons, wanda aka kafa a 1830 kuma har yau shagonsa na nan a titin New Oxford a Landan, da Fox Umbrellas na 1868, masu yin laima da mariƙin icce da ake lanƙwasawa da tururi. Irin nasu ba a raba wa taro. Sai dai a ba wa manyan baƙi a ɗakunan alfarma.

Masu ciniki na dindindin, waɗanda ba sa jiran kwangila, su ne dillalan caca da ke jeruwa a gaban 'yan kallo, kowa da allonsa na farashi da na'urarsa, da ƙatuwar laima mai ɗauke da sunansa. Tasu ba kyauta ba ce, rumfar kasuwa ce.

Ba kowane fili ne ke sakar wa talla mara ba. Ascot, wanda Sarauniya Anne ta kafa a 1711, ya samu abokan hulɗa irin su kamfanin agogo na Longines da QIPCO na Ƙatar, amma tseren bikin Royal Ascot ba a laƙaba musu sunayen kamfanoni, kuma dokar tufafin wurin ta hana sa kayan talla. Duk da haka, laimar da ta fi kowacce tallata mai ita a irin wuraren nan ba ta da wani ƙaton rubutu. Ita ce ta roba garai-garai mai siffar keji da kamfanin Fulton, wanda Arnold Fulton ya kafa a 1956, ya riƙa yi wa marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ana daidaita launin bakinta da na kayan da za ta sa, jama'a na ganin fuskarta ko ana ruwa.

A Amurka kuwa sana'ar ba ta da shiga babban tseren ƙasar. Filin Churchill Downs ya hana shiga da laima ranar Kentucky Derby, saboda buɗe ta farat ɗaya na iya firgita doki, ga kuma tare wa na baya kallo. A 2018, shekarar da doki Justify ya ci tseren, an sheƙa ruwan da ba a taɓa yin irinsa ba a ranar Derby, kuma 'yan kallo da rigunan leda suka yi kallonsu.