Ko Kun Sani? Kitfo, Ɗanyen Naman Habasha

A ƙasar Habasha akwai abincin alfarma da ake kira kitfo, wanda naman saniyarsa ba ya ganin wuta. Asalinsa na ƙabilar Gurage ne. A gida, ana zaɓar jar tsoka daga yankan ranar, a cire kitse da jijiya kaf, a daddatsa ta da wuƙa har ta yi laushi. Sai a narkar da man shanun da aka riga aka dafa da ganyayen ƙamshi, a kwaɓa naman da shi tare da mitmita, wani yaji mai zafin gaske na barkono, kanumfari da gishiri. Gwanintar mai haɗawa tana wajen man nan: ɗumi kawai ake so, in ya yi zafi sai ya dafa naman.

Ana cin sa da koco, wainar da ake yi da wani tsiro mai kama da ayaba, musamman a bikin Meskel na ƙarshen Satumba. Mai tsoron tsutsar ciki, kuma yana da hujja, yakan ce a ɗan ɗumama masa nasa a kasko.