Laifin Kyamara ko na Memori?

A Matsinkai da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, daga Kaoje har Illo da Lolo a bakin iyakar Benin, mai hoto kan wuni yana ɗaukar hotunan biki, ya koma shago kyamara ta ce babu komai. Nan take a ɗora mata laifi. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau, memorin ne ya yi tsiya.

Memorin nan, wato katin SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, kala-kala ne. Na asali iyakarsa giga 2, SDHC na 2006 ya kai giga 32, SDXC na 2009 ya zarce haka. Tsohuwar kyamara ta gwanjo ba ta gane katin da aka ƙirƙiro bayanta, komai kyansa. Wani lokacin ma abin bai kai nan ba: ɗan makullin da ke gefen katin ne ya zame ƙasa, ya hana ajiye hoto. A tura shi sama, shi ke nan.

Babbar masifar ita ce jabu. Masu haɗa shi kan ɗauki kati mai ƙaramin ciki, su sauya bayanan da ke kansa, ya riƙa shaida wa waya da kyamara cewa shi giga 64 ne. Ranar saye yana aiki sumul, shi ya sa gwajin da ake yi a gaban mai tebur ba ya tona asirinsa. Sai ainihin cikinsa ya cika, sannan sababbin hotuna su hau kan tsofaffi, ko su tafi inda babu. Sunayensu na nan a jere, amma ba sa buɗuwa, kuma babu gwanin da zai dawo da abin da tun farko bai zauna ba. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, takan cika katin fal ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Arahar da ta wuce hankali ma shaida ce.

Akwai kuma sakaci. Zare memori kyamara na cikin ajiya, ko mutuwar batir a daidai lokacin, yana birkita tsarin katin. Haka kai shi wurin masu tura waƙoƙi da fina-finai, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar katin kowa, kan sa ya kwaso cutar da ke ɓoye hotuna. Ƙurar hunturu kuwa a idon kyamara take maƙalewa, a nan ne kyamarar kan zama mai laifi.

In kyamara ta nemi a yi fomatin alhali akwai hotuna a ciki, kada a amsa mata, kada kuma a ƙara ɗaukar ko da hoto ɗaya. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan ceto hotunan da aka goge muddin ba a rubuta wasu a kansu ba. Bayan an kwashe su zuwa kwamfuta, sai a yi fomatin ɗin a cikin kyamarar kanta.